Ranar da Na'urar Hadi Ta Tsaya

Laifin Suhaibu guda ɗaya ne, raina aikin da bai sani ba, kuma a kansa ya sha kashi.

Muhibbat ta fara ganin Hadi ne a Kasuwar Shasha, ranar da ya tsaya sayen albasa a rumfar mahaifinta, Alhaji Tawfiq. Ya dubi shanyar da ke waje ya ce, "'Yan mata, ku kwashe kafin la'asar, ruwa na tafe."

"Malam, duba kake yi?" ta ce tana dariya.

"Injiniya ne ni. Ina kula da radar, na'urar da ke hango hadari tun yana nesa."

La'asar na yi kuwa aka kece da ruwa. Washegari ya dawo, wai albasar jiya ta ƙare, ya tafi da lambar wayarta. Tun daga nan kullum safiya sai saƙonsa ya shigo: "Farin cikina, yau gari garau, ku yi shanya. Ni dai sai na gan ki nawa garin zai waye." Ita kuma ta mayar: "Injiniyana, ka karya kafin ka hau sama."

Alhaji bai so ba. "Mutumin da aikinsa kallon gajimare? Ga Suhaibu nan, ɗan kasuwa jikan ɗan kasuwa, rumfarsa jikin tamu." Da ƙyar ya yarda Hadi ya zo gidansa a unguwar Sabo ranar Asabar su gaisa.

Asabar ta zo, Muhibbat ta yi girki ta ci ado, Hadi bai zo ba. Wayarsa a kashe. Lahadi ma shiru. Suhaibu ya samu abin yi, ya bi rumfa rumfa yana cewa ai yaron ya lalata inji ne a wurin aikinsu aka kore shi. Alhaji ya kira 'yarsa ya ce, "Wanda ya saɓa mini tun kafin ya shigo gidana, maganarsa ta mutu."

Ran nan abinci ya ƙi shigar mata.

Ranar Litinin da hantsi saƙo ya shigo daga baƙuwar lamba: "Ki yafe mini, Farin cikina. Ƙarfen da ke juya faifan na'urar ya karye, kwana uku muna saman hasumiya, can wayata ta suɓuce ta fashe. Kafin kayan gyara su iso muna aiki da abin da wata tasha ta wajen Legas ke turo mana. Ba ta hango nan sosai kamar tamu, amma ta nuna babban hadari daga kudu. Ki roƙi Baba ya kwashe kaya kafin azahar."

Ta karanta wa mahaifinta a gaban rumfa. Rana ƙwal, ko ɗigon gajimare babu. Suhaibu, da ya baza albasar mota guda tana shan iska, ya kwashe da dariya.

"Abeg, don Allah Alhaji. Injinsa ya mutu, da me ya gani?"

Muhibbat ta durƙusa. "Baba, in ruwan nan bai zo ba, ni da bakina zan ce kada ya sake nemana."

Alhaji ya juya ga masu dako. "Oya, maza ku kwashe."

Ana kiran azahar gari ya rufe. Ruwan da aka yi ran nan sai da lungunan kasuwa suka zama rafi. Muhibbat na cikin rumfa tsakanin busassun buhuna, tana ta sauke ajiyar zuciya.

Ranar Alhamis Hadi ya zo Sabo, baƙin mai bai gama fita daga farcensa ba. Ya durƙusa ya ba da haƙuri.

"Na'urar taku ta tashi?" Alhaji ya tambaya.

"Ta tashi, Baba, tana juyawa."

"To, turo manyanka."

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure, malaman unguwa suka sa albarka, Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari.

Suhaibu kuwa, buhu tamanin na albasa suka ruɓe masa, dillalansa biyu na kasuwar Bodija suka koma rumfar Alhaji, ga Muhibbat ta tafi gidan Hadi.