Ranar Ruwan Kaka Tsahara

A unguwar Sabon Gari ta Maradi akwai wani yaro ɗan aji shida. Babansa ya sawo masa keke daga Kwatano. Ba irin keken zuwa cefane ba ne. Tayoyinsa masu kauri ne, da manyan haƙora, don hawan tudu da ratsa rairayi.

Yaron nan ba mugu ba ne. Aibinsa ɗaya, ba ya son ganin ƙeyar kowa a gabansa.

Da aka yi hutu, malaminsu, wanda suke kira Mushe Gado, ya tara masu kekuna. Ya ce zai kai su Jiratawa su ga noman rani.

"Ku bi bayana," in ji shi. "Inda tayata ta taka, nan taku za ta taka. Baƙo ko da ido makaho ne."

Suka fita gari da safe. Hanya ta hau tudu, ta gangara, ta sake hawa. An riga an girbe hatsi, awaki suna kiwo cikin kara. Da suka kai kan tudun ƙarshe, sai ga kwari a ƙasa, kore shar. Ga zogale, ga alkama, ga albasa.

Mushe Gado ya nuna wata tsamiya daga nesa. Ya ce can za su huta. Amma hanyar zuwa can ta yi doguwar kwana.

Yaron ya duba gefe. Ya ga wata siririyar kunya ta ƙasa ta miƙe ɗoɗar har kusa da tsamiyar. A gefenta ruwa yana gudu cikin ƙaramin lambatu. Ya ce a ransa, ai ga hanya nan. Ya karkata kan keke, ya hau.

Ƙasar ɗanya ce. Bai yi nisa ba tayar baya ta nutse, ta yanke kunyar. Ruwa ya bar hanyarsa, ya kwarara cikin wani fili da ba a shuka komai ba.

Yaron ya waiwaya, ya gani. Sai ya ɗaga kafaɗa. A gidansu, in ruwa ya zube, famfo ake murɗawa wani ya zo. Ya taka feda, ya riga kowa zuwa tsamiya. Da sauran suka iso, har yana yi musu dariya.

Bayan azahar suka juyo gida. A bakin hanya suka tarar da wata tsohuwa zaune a ƙasa, fartanya a gefenta. Sunanta Tsahara. A gabanta akwai fangulan albasa, wato ƙananan filaye da aka kewaye da ƙasa don su riƙe ruwa. Dashen ya kwanta, ƙasar a bushe.

Mushe Gado ya sauka, ya durƙusa ya gaishe ta.

"Inna, lafiya kike zaune cikin rana?"

"Ina hwa lahiya, ɗana," in ji ta. "Yau ce ranar ruwana. Tun asuba munka yi dashe ni da jikata. Na buɗe ruwa, na tahi gida in ba mara lahiya magani. Kahin in komo, wani ya hwasa mini kunya. Ko ɗigo bai shiga albasata ba."

Malamin ya bi lambatun da kallo. A cikin laka ga sawun taya nan raɗau, mai manyan haƙora. Bai ce komai ba. Bai ma dubi kowa ba.

Wannan shirun ya fi bulala zafi. Yaron ya sauka. Ya jingine keke, ya matso.

"Kaka, ni ne. Ki yi haƙuri. Amma ai ga ruwa can shina gudu. A sake buɗe miki mana."

Tsohuwa ta dube shi. Ba ta yi faɗa ba.

"Wancan na Tanimu ne, maƙwabcina. In na ɗauka, tashi alkamar ta mutu. Nan bi da bi aka shan ruwa, yaro. Sai ya zagaya kowa kana shi komo gare ni. Jinjirin dashe kuwa ba shi iya jiran mako."

"To in ya mutu fa?"

"In ya mutu, shi ke nan. Iri ya ƙare. Abin da za mu ci da bazara ke nan ni da marayuna."

Duk hanyar komawa Maradi yaron ne na ƙarshe. Tudun da ya haye da safe yana ihu, yanzu da ƙyar ya hau shi.

Da ya isa gida ya faɗa wa babansa komai, yana kuka.

Baban ya saurare shi har ƙarshe. Sannan ya ce, "Kuka ba ya jiƙa albasa. Akwai rijiya kusa da gonar?"

"Na ga wata a bakin hanya, Baba."

"To, keken da ya yi ɓarna shi za ya yi gyara. Da mai shi."

Washegari aka ɗaura jarkoki biyu a bayan keke. Mushe Gado ya raka shi har Jiratawa. Yaron ya fara gyara kunyar da hannunsa. Sannan ya ja guga, ya cika jarkoki, ya turo keke ta hanyar da kowa ke bi. Kaka Tsahara ta nuna masa yadda ake zubawa a hankali, kada ruwa ya tone saiwa.

Ashe ruwa nauyi gare shi! Fangali ɗaya kan shanye jarka huɗu kamar ba a zuba komai ba. Igiyar guga ta sa hannunsa ya yi kanta. Abokansa suna yawo a gari, shi yana tsakanin rijiya da gona. Sau da yawa ya so ya zauna. In ya dubi dashen a kwance, sai ya sake ɗaukar guga.

Haka ya yi ta zuwa kullum. Fangalin da ke can ƙarshe bai tashi ba, ya bushe ƙurmus. Yaron ya tsaya a kansa, ransa ya ɓaci ƙwarai. Amma sauran duka suka miƙe, suka yi kore.

Ranar da ruwa ya zagayo, Kaka Tsahara ta miƙa masa fartanya.

"Amshi, maigidana," ta ce tana tsokanarsa. "Kai za ka buɗe."

Ya sari bakin lambatu. Ruwa ya shiga fangali na farko, ya cika, ya wuce na biyu. Tsohuwa ta ɗaga hannu tana godiya ga Allah. Yaron bai taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Can sai ga Tanimu ya iso da tasa fartanyar, ya tsaya yana jira. Yaron bai bari an gaya masa ba. Ya ɗebo laka, ya toshe bakin, ya danna da tafin hannu har ɗigo ya daina fita.

"Baba Tanimu, ga ruwanka," in ji shi.

Tun daga ranar ya gane cewa abin da kake gani kamar banza, wani da shi yake rayuwa. In ka je inda ba ka sani ba, ka tambaya kafin ka taka. In kuwa ka yi ɓarna, ka tsaya ka gyara da hannunka.