Ɗakin Kare Kafin Ɗakin Amarya

Kai ma kana kasuwar Dakoro ran nan, kada ka ce ba ka nan. Ka ga budurwar da ta sandare a tsakiyar layin mahauta, ledar nama a hannunta, wani jan kare mai gyambo a kunne yana shinshinar bakin zanenta. Ka ga hawaye na bin fuskarta, ta kasa ko ɗaga ƙafa. Ka yi 'yar dariya, ka ce tsoron mata ne, ka koma cinikin albasarka. Haka muke a garin nan. Karnuka sun cika lunguna, ba wanda ya taɓa kai nasa allura, mu kuma mun gwanance wajen kau da kai.

Mutum ɗaya ne bai kau da kai ba. Zakiru, matashin ma'aikacin lafiyar dabbobi da ya zo duba naman da aka yanka. Ya tsuguna, ya yi wa karen fito, ya wurga masa ƙashi can bayan rumfa.

"Ya tahi, malama. Naman yake so, ba ke ba."

Ta ɗago ta dube shi. Idanunta sun yi ja, amma shi abin da ya gani daban.

"Na gode," ta ce.

"Godiya ba ta isa ba. Sai an haɗa da suna."

Sunanta Rahinatu, ɗiyar Malam Alhusaini mai ɗinki, tana koyar da yara a lakwal, wato makarantar boko. Ya raka ta har bakin titi yana riƙe da ledar, yana ba ta labarin yadda kare ke gane mai tsoronsa. Ita kuwa tana ta waiwayen baya. Shi kuma bai tambaye ta dalilin wannan tsoro ba, ya ɗauka irin na kowa ne.

Kafin damina ta faɗi, kowa a unguwarsu ya san hakin moton Zakiru. Da la'asar zai zo, ta shimfiɗa masa tabarma a zaure, ta kawo fura mai sanyi. Tana ce masa Likitana, yana ce mata Hasken Ido. In ya tafi rigakafin shanu wajen Korahane ko Tagriss, sai ya hau tudu neman rezon waya don kawai ya turo mata saƙo.

"Hasken Ido, yau na duba shanu har idona ya gaji, ban ga mai kyawun idonki ba."

"Likitana, da saniya kake gwada ni? Allah shi maido ka lahiya, mu yi shari'a."

Manya suka shiga maganar, aka kai gaisuwa, aka karɓa. A nan ne Zakiru ya buɗe mata burin da ya daɗe a ransa. Lokacin da yake karatu a Yamai, maigidan da ya zauna wurinsa yana da wani baƙin kare mai faɗin ƙirji da jan gira, irin da ake kira rotwaila. Yaran gidan suna kwanciya a jikinsa, yana raka su bakin ƙofa in za su lakwal. Tun daga nan ya ƙudurta cewa gidansa ma sai an yi irin wannan kare, ba don gadi ko farauta ba, don ya zama ɗan gida.

Wata rana ya turo mata hoto. Ɗan kwikwiyo ne baƙi, idonsa bai gama buɗewa ba.

"Ga ɗanmu na fari. A Maraɗi aka haihe shi, na kama mana. Sai an yaye shi an yi mashi allura sannan in ɗauko. Ke za ki raɗa mashi suna."

Rahinatu ta daɗe tana kallon hoton. Ta rubuta, ta goge, ta sake rubutawa. Abin da ya isa gare shi kalma uku ne.

"Allah shi raya."

Ta kife wayar, ta shiga ɗaki ta rufe fuska da hijabi. Yaya za ta gaya wa mutumin da muryarsa ke canzawa don murna in yana zancen karen nan? Ta ce gobe. Goben ta zo, ta sake cewa gobe.

Shi kuwa ya duƙufa shiri. Ya san zafin Dakoro ba na irin wannan kare ba ne, don haka ya zaɓi gindin dogon yaro a filin da yake ginin gidansa. Ya sa aka tayar da ɗan ɗaki na bulon siminti, aka yi masa tagogi biyu don iska, aka ɗora zana a kan kwanon rufi don kada ya gasa. Ya gina kwarmin ruwa a gefe. Ya shirya da wani mahauci kan tarkacen nama, ya tanadi maganin tsutsa da na kaska. Magini ɗaya gare shi, sai ya ce a fara gama ƙaramin tunda ba ya cin lokaci, a koma wa babban. Ɗakin amarya yana nan ba yaɓe, ba ƙofa.

A haka ranar ganin ɗaki ta same shi. Dangin amarya suka zo auna wurin gado da inda za a jera kwanuka, Gwaggo Azara, ƙanwar Malam Alhusaini, tana gaba. Ta leƙa babban ɗakin, ta taɓe baki. Da ta juyo ta hangi ƙaramin, fes da shi har da shuɗin fenti, sai fuskarta ta saki.

"A'a, yaron nan ya san darajar mace. Ku zo ku ga ɗakin girki. Amma ɗana, ƙohwar ta yi gajarta, ɗiyar tamu doguwa ce."

Zakiru ya sosa ƙeya. "Gwaggo, ba na girki ba ne."

"Na kaji?"

"Na kare ne."

Gwaggo Azara ta dubi ɗakin, ta dubi wancan da ba ƙofa, ta naɗe igiyar awonta a hankali.

"To madalla. Ashe uwargida muka zo gaidawa. Ku taso mu tahi, kada mu tashe ta."

Kafin magariba maganar ta zaga unguwa. Zakiru ya gina wa kare ɗaki kafin ya gina wa amarya. Malam Alhusaini ya aika aka mayar da kayan gaisuwa. Ya ce shi bai haifi ɗiyar da za ta riƙa wanke kwanon kare ba, bai kuma ga yadda zai yi salla a gidan da kare ke shiga ɗaki ba. Sallau, ɗan wansa mai fataucin awaki da ya daɗe yana son Rahinatu, ya fara zuwa shagon ɗinki kullum da ƙullin goro. Shi ma yana da karnuka uku da ke bin garkensa, amma nasa ba su da ɗaki, ba su da allura, ba su da suna, saboda haka ba wanda ya ga laifinsa.

Zakiru ya je wurin Malam Alhusaini, aka ce ba ya nan, alhali ana jin ƙarar kekensa. Ya tura kawunsa, kawun ya dawo da haƙuri kawai. Ya kira Rahinatu, ba ta ɗauka. Ya riƙa zama a bakin ɗan shuɗin ɗakin yana kallon waya, bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba.

"Hasken Ido, in don gini ne, na yi kuskure, an hwara yaɓen ɗakinki. Mi na yi da ya kai ki yi mani shiru?"

Sai washegari amsa ta zo.

"Likitana, ba gini ba ne. Ina da ƙane, Issa, autan Inna. Kare ya cije shi a ƙahwa yana dawowa daga lakwal. Aka kama karen, aka yanki gashinshi aka ƙona, aka shahwa tokar a ciwon, kamar yadda ake yi. Ciwon ya warke. Bayan wata biyu ya hwara tsoron ruwa. Ni ke riƙe da kofin yana kuka yana ture shi. Aka ce iska ce. A hannun Inna ya cika. Ban iya gaya maka ba don na ga yadda kake son abin nan. Ka yahe mani."

Zakiru ya karanta, ya zame ya zauna a ƙasa. Ɗanmu na fari, haka ya rubuta mata.

Da hantsi ya ari guduma wurin magini. Yana tsaye gaban ɗakin karen, ya ɗaga ta ke nan, sai ya ji sallama. Uwale ce, mahaifiyar Rahinatu, ita kaɗai, lulluɓe da mayafi. A garin nan uwar budurwa ba ta taka gidan mai neman ɗiyarta, ko a hanya suka haɗu sai ta kauce. Ya yar da gudumar, ya durƙusa.

Ba ta dube shi ba. Ɗakin take kallo.

"An ce ba ka ɗauko shi ba sai an yi mashi allura."

"Haka ne, Inna."

"Allurar mi?"

"Ta haukan kare."

Ta murza bakin mayafinta.

"Kai ka yi karatun abin. Tambaya guda na zo da ita. Wanda kare ya ciza, akwai abin da ake yi mashi shi tashi?"

Zakiru ya san amsar da za ta sanyaya mata rai, wadda kowa ya ba ta tun ranar jana'iza. Ya kuma san ɗayar tana iya sa ta tsani ganinsa har abada, ta tafi da Rahinatu.

"Inna, rai na Allah ne."

"Na sani. Ba shi na tambaye ka ba."

Ya sunkuyar da kai.

"Akwai. In an wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa nan take, aka kai shi likita aka hwara allura tun ciwon bai hau kai ba, ana tashi. Toka ba ta yin komi, Inna. In kuma karen yana da allura, da wuya shi ɗauki cutar balle shi ba wani."

Uwale ta dafa bangon shuɗin ɗakin. Ba ta yi kuka da ƙarfi ba, kafaɗunta kawai ke motsi. Zakiru yana durƙushe, hannuwansa a ƙasa, ba shi da ikon ko ba ta haƙuri.

"Sabulu," ta ce can. "Akwai sabulu a gidan ran nan."

Ta share fuska, ta gyara mayafi. Ta kai bakin ƙofa sannan ta tsaya.

"Kada ka rushe."

Abin da ya gudana tsakaninta da Malam Alhusaini ba wanda ya sani duka. Rahinatu dai ta jiyo muryar uwarta daga tsakar gida tana cewa, "Kowa ya lallashe ni, Malam. Yaron nan kaɗai ya gaya mani gaskiya, alhali ya san tana iya raba shi da Rahinatu. Shi nike ba ɗiyata." Bayan kwanaki Malam ya aika a dawo da kayan gaisuwa, tare da sharaɗi biyu. Nasa shi ne kare ba zai shiga ɗakin kwana ko wurin salla ba. Na Uwale ya fi nauyi. Kwikwiyon ba zai taka gidan ɗiyarta ba sai ranar da babu sauran kare marar allura a unguwarsu.

Zakiru ya amsa ba tare da ya yi ciniki ba. Ya ɗauki akwatin ƙanƙara mai ɗauke da allurai, ya bi gida gida. Wani ya ce karen ba nasa ba ne, yana dai kwana a ƙofarsa. Wani ya ce kakansa ma bai yi wa kare allura ba. Wata ta ɓoye nata a rumbu don an gaya mata allurar na kashe zuciyar kare. Sallau ya tsaya a bakin garke yana dariya.

"Angon kare, mutane ba su samu allura ba sai karnuka?"

Ranar da ya yi sa'a ya samu biyu. Ya dawo da yamma ƙafafunsa duk ƙaya, ya turo mata saƙo.

"Hasken Ido, ban ga ranar da zan gama ba."

"Likitana, ni ba karen zan aura ba. Ka zo ka ci tuwo."

Bayan girbi aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Alhusaini. Gwaggo Azara da kanta ta jera kwanuka a ɗakin amarya, ta ce yanzu kam ya fi na uwargida kyau. Da za a fita da Rahinatu, Uwale ta riƙe hannunta, ta ce Allah ya zaunar da su lafiya, ya ba su 'ya'ya masu albarka, ya tsare su daga abin da ta gani. Mata suka amsa da amin, aka yi guɗa.

Kwana kaɗan da tarewa, Rahinatu ta fito da tsintsiya ta share ɗan shuɗin ɗakin, ta zuba ruwa a kwarmin duk da ba mai sha. Zakiru ya tsaya yana kallonta.

"Ba ki tsoro?"

"Ina ji. Amma na zaɓa mashi suna."

"Mi?"

"Sai ya zo."

Allah ya bar su tare, ya sa albarka a gidan. Amma ɗakin nan har yau ba kowa a ciki. Kwikwiyon yana Maraɗi yana girma a hannun wani, Uwale kuma ba ta janye sharaɗinta ba, bai kuma kamata ta janye ba. Abin da ya rage ba a hannun Zakiru yake ba. Yana kwance a ƙofar gidanka, yana cin ragowar tuwonka, kana cewa ba naka ba ne. Naka ne. Ka ɗaura masa igiya gobe da safe ka kai shi allura. In kuma kare ya ciji ɗanka, ka bar toka a murhu, ka ɗauko sabulu da ruwa, ka saɓa shi a kafaɗa ku tafi likita.