Wa Ya Ɗauke Fatar Matar Teku?

Sufeto Mahmud bai ƙarasa shayin safe ba aka turo masa ƙara daga kulob ɗin matasan unguwar Sharafiyya. Jikan alhazai ne, haifaffen Jidda, shi ya sa duk rigimar da ta shigo ofis da Hausa a bakinta, teburinsa take sauka.

"Fata aka sace mana, ya Sufeto!" in ji Abdulghani, shugaban 'yan wasan kwaikwayo, yana sharce zufa. "Jibi fa za mu hau dandamali!"

"Fatar me?"

"Ta wata dabbar teku mai kama da ayu. Wani ma'aikacin jirgi ya kawo mana ita daga ƙasashen ƙanƙara, har da labarinta. Wai dabbar takan tuɓe fatarta a bakin ruwa ta zama mace. Masunci ya ɓoye fatar, ta kasa komawa, ya aure ta."

Mahmud ya dafe kai. Hajji ya ƙarato, gari ya cika da 'yan sane, shi kuwa an tura shi farautar fata.

A kulob ya tarar da akwatin kayan wasa da kwaɗonsa a rufe. Sai dai an zare ƙusoshin murfin ta baya, an mayar da su tsaf. Ɓarawo mai ladabi ke nan. Cikin akwatin kuwa ƙarni ba a magana, don da man kifi suke shafe fatar kada ta bushe.

Ya fara da Saleh direba, wanda ke fitowa a matsayin matar teku da gashin bakin da ya rantse ba zai aske ba.

"Jiya bayan gwaji ina ka nufa?"

"Masallaci."

"Mai shayin bakin ƙofa ya ce a bencinsa ka shantake."

"Ɗayyib, na zauna. Amma wallahi ban taɓa ta ba, warinta ma hawa min kai yake. Ka tambayi Na'ibi kafinta. Shi ya ishe ni da tambaya, wai da gaske matar ta kasa tafiya?"

Na'ibi dattijo ne, shi ke haɗa musu dandamali. Ko ɗagowa daga katakonsa bai yi ba.

"Ya waladi, ni da matata Bashira ta ɗaure kaya za ta koma wurin danginta Bor Sudan ran Alhamis, ina ni ina fata? Ko kamarta ban sani ba."

"Wa ya ƙera akwatin?"

"Ni."

"To yalla, mu je gidanka in sha ruwa."

A lungunsu na unguwar Ruwais ba sai an nuna masa ƙofa ba. Kyanwoyin unguwa kaf sun yi cincirindo a bakinta suna ta kuka. Mahmud ya yi sallama, ya bi kyanwoyin tsakar gida har bayan randa. Ga fata nan a naɗe cikin buhu.

"Halas, zance ya ƙare, ya ammi. Faɗi gaskiya."

Na'ibi ya zube a ƙasa. "Ni na ɗauka. Kullum ina ji suna cewa wanda ya ɓoye ta, matarsa ba ta iya barinsa. Na ce ko Allah zai sa a dace."

"Tatsuniya ce fa, bawan Allah! Ka ma taɓa ganin ƙarshen wasan?"

"Da la'asar nake tashi aiki."

"Matar ta gano fatarta, ta faɗa teku, ko waiwaye ba ta yi ba!"

Haushi da tausayi suka cika Mahmud. Ya kama hannun tsohon suka nufi ƙofa, wani kurtu da ya rako shi na biye da buhu.

Daga bayan labule muryar Bashira ta tsayar da su.

"Sufeto, ka gaya masa. Tun da na ɗaure kayan nan nake jira ya buɗi baki ya ce kada in tafi, in kwance. Sai ya je ya sato fata."