Laraba Ukun Direba

A tsohon falonsu mai fanka ɗaya da ke ƙara kamar za ta faɗo, Auta na zaune da rajistar ƙungiyar waƙa a cinyarta, biro a hannu, ta kasa rubuta komai.

"Ke, sa masa alamar ya zo kawai!" in ji Yayarta tana guga. "Wa zai sani? Baba ai ba ya ƙirga kawuna."

"Ni zan sani, Yaya."

A waɗancan shekarun, ƙungiyar waƙar unguwa ita ce rayuwar gidan. Ba a biyan kowa ko sisi. Tela, nas, malamin makaranta, mai gyaran rediyo, kowa ya tashi aiki ranar Laraba da yamma sai ɗakin taro, a jera benci, a buɗe tsohon fiyanon nan da maɓallansa biyu suka mutu. Baba ne ya kafa ƙungiyar, Auta ke kiran suna. Doka ɗaya ce tak: wanda ya tsallake rihazal, wato gwajin waƙa, sau uku a jere ba zai hau dandamali a wasan ƙarshen shekara ba. Da wannan dokar Baba ya cire wansa, Baffa, shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Baffa ya yi fushi, ya koma can bayan gari, zumunci ya mutu.

Yanzu kuma ga Direba, ɗan tasi mai muryar nan mai kauri da ke tsayawa a layin baya, wanda maganar aurensu da Auta ta yi nisa. Laraba uku ba a ga ƙeyarsa ba.

Ta runtse ido ta ja layi na uku.

Da Baba ya duba rajistar, sai ya cire tabarau. "Uku! Mutumin da ya kasa riƙe alkawarin awa biyu a mako, shi zan ba 'yata? Ki gaya masa waƙa babu, maganar aure ma a jingine ta."

"Baba, a tambaye shi dalili mana—"

"Kowa ma yana da dalili!"

Washegari Auta ta sami Direba a tasha yana goge gilashin mota.

"Ina kake zuwa ranar Laraba?"

Ya sunkuyar da kai. "Na yi wa wani alkawari ba zan faɗa ba. Ki yi min haƙuri, filis."

"Filis? Aurenmu fa ake magana!"

"Na sani. Kin ja min layin?"

"Na ja."

"Kin yi daidai, Auta."

Ta juya da sauri don kada ya ga hawayenta. Laraba ta huɗu ta kira sunansa, shiru. Ta biyar ma haka, matan layin gaba suna 'yan ƙus-ƙus. A gida Yaya ta ce, "Anya ba wata ya samu ba?" Auta ta rufe rajistarta. Ba ta yi masa ƙarya a rajista ba, ba ta kuma yarda ta yi masa mugun zato ba.

Laraba ta shida, ana tsakiyar waƙa, ƙofa ta buɗe. Direba ne, yana turo keken marasa lafiya. A ciki wani tsoho ne, ɓarin jikinsa ya shanye. Fiyano ya yi tsit.

"Yaya?" in ji Baba, da ya gane wansa Baffa ne.

Baffa ya yi magana da ƙyar, kalma bayan kalma. "Kada ka kore shi yadda ka kore ni. Ranar Laraba ake min gashin ƙashi a asibiti. Tun da ya ɗauke ni a tasinsa ya gane ko ni wane ne, shi ke kai ni, ya goya ni a bene, ya jira, ya mayar da ni. Ni na hana shi faɗa, ban so ka gan ni haka. Jiya nas ɗinku ta ce min an jingine auren."

"Kuma ba ka aiko min ba?"

"A wancan karon da ka cire ni ma, matata ce a kwance. Ba ka tambaya ba, ni kuma girman kai ya hana ni faɗa."

Baba ya durƙusa gaban keken, ya kifa kai a gwiwar wansa, yana kuka kamar ƙaramin yaro. Har tela, wanda ba a taɓa ganin hawayensa ba, sai da ya share ido da hannun riga.

Da Baba ya miƙe, ya kama hannun Direba. "Ɗana, ka yafe min." Sannan ya dubi Auta. "Daga yau, duk wanda bai zo ba, a fara zuwa duba shi kafin a ja masa layi."

A wasan shekarar, Baffa ya rera waƙa daga kan kekensa, da rabin baki, kuma babu wanda ya kai shi shan tafi. Bayan wata biyu aka yi auren.

An daɗe da rushe ɗakin taron, shaguna ne a wurin yanzu. Amma duk sanda Auta ta bi ta nan da 'ya'yanta, sai ta rage tafiya ta ce musu, "Ku riƙe gaskiya ko da a kan wanda kuke so ne, ku kuma yi haƙuri. In kun ga kujerar mutum babu kowa, ku tambayi lafiyarsa kafin ku yanke masa hukunci."