Lambobin Kwarin Jan-Wuya

Dakta tana durƙushe a tsakiyar falo, ta baje kayan aikinta har babu wurin taka ƙafa: raga mai laushi kamar gashi, 'yan jakunkunan yadi, ɗan ƙarfen awon baki, da kwalbar zobban roba masu launi-launi. Mijinta, wanda kowa ke kira Safiyo saboda awon filaye ne sana'arsa, ya fito daga ɗaki yana tsallake-tsallake.

"Wai ni kam, Dakta, falon nan namu ne ko na tsuntsaye?"

"Naka ne, Yallaɓai, aro suka yi. Filis ɗaga ƙafa — kana taka min zobe!"

Ya yi dariya, amma dariyar iyakarta baki. Ya ce, "Yaya ya tare a sabon gidansa. Inna ta ce mu je ranar Asabar."

Takalminsa yake kallo yana maganar. Da ta ɗago kai da ta gani, amma hankalinta na kan raga.

Shekararta tara tana aiki a wani kwari tsakanin duwatsu, tafiyar awa uku daga gari. A can ne kaɗai ake samun jan-wuya, ɗan tsuntsun da bai cika tafin hannu ba, kuma sittin da ɗaya suka rage. Aikin nata ba wani abin mamaki ba ne ga mai hankali. Makiyayin kirki ya san wace saniya ta haifi wace, ya san wace ce ke jure rani. To haka ita ma. Ta kama tsuntsu, ta auna bakinsa, ta sa masa zobe a ƙafa, ta sake shi. Da aka yi fari shekara uku a jere, tsaba mai laushi ta ƙare, sai mai tauri. Masu kaurin baki suka fasa suka ci suka rayu, suka haifi masu kaurin baki. Da idonta take kallon halitta tana sauya kama, daga uwa zuwa jika zuwa tattaɓa-kunne, tana rubutawa a littafi.

Doka ɗaya ce a ofishinsu: ba a rubuta inda kwarin yake a kowace takarda, don masu farautar tsuntsun ado ba sa barci. Lambobin da ke nuna wurin a taswira mutum uku suka san su. Farfesa shugabanta a wurin aiki, ita, sai Safiyo, don shi ya auna mata wurin da na'urarsa tun yana neman aurenta. Ranar har hannu ya dafa a ƙirji, ya ce, "Ko Inna ba za ta ji ba."

Ranar Laraba da hantsi ta isa kwarin. Tun daga bakin dutse ta ji wurin ya yi tsit. Lokacin sheƙa ne, ya kamata kuka ya cika ko'ina. Ta gangara da gudu. Ga sawun takalma, ga sanduna an shafe su da danƙo an kafa a bakin ruwa, gashin tsuntsu ya manne a jiki, wani har da jini. Ta hau tsani ta leƙa sheƙar farko. 'Ya'ya uku, baki a buɗe, sun bushe. Ta biyu ma haka. Wanda ya kama uwa a lokacin sheƙa, gida guda ya kashe.

Ta zauna a ƙasa ta ƙirga har yamma, ta sake ƙirgawa. Ashirin da uku babu.

Farfesa ya ji labari ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. "'Yata, ni ban faɗa wa kowa ba. Ke ma na san ba ki faɗa ba."

"Farfesa, na ukun mijina ne."

"Ban ce komai ba."

A gida ta yi kuka a kafaɗar Safiyo, yana bubbuga bayanta yana cewa, "Sori, Dakta, sori, Allah zai tona asirinsu." Ku ji fa! Da bakinsa ya faɗa.

Asabar ta zo, suka tafi gidan Yaya. Shi ne babban wan Safiyo, shi ya riƙe shi bayan rasuwar ubansu, kuma mutum ne mai son a gani a faɗa. Ya tare su a ƙofa yana washe baki.

"A'a, uwar tsuntsaye! Yau kin zo gidan da ya dace da ke. Zo ki ga lambu."

"Yaya, a bari ta huta mana," in ji Safiyo da sauri. "Ta gaji —"

Amma kunnen Dakta ya riga ya kama wani sauti daga bayan gida, siriri, sau uku a jere sannan a ja. Ta ajiye jakarta ta bi shi kamar an ɗaura mata igiya.

Kejin ya kai girman ɗaki, an yi masa fenti ruwan zinare. A ciki ga su nan sun takure a kusurwa, gashi ya tashi, an zuba musu ɓarɓashin burodi da ba su taɓa ba. An yanke zobban ƙafafunsu, sai guda ɗaya da ke kwance a ƙasan keji, ƙafa a sama, da zobe rawaya a kan shuɗi. Tsuntsuwar da Dakta ke kira Tsohuwa kenan. Shekararta bakwai, ta tsallake fari uku, rabin tsuntsayen kwarin jininta ne.

"Wannan da safe ta mutu," in ji Yaya. "Ba su da ƙwari, wallahi. Ki faɗa min abin da suke ci."

Dakta ta juyo. Ba Yaya ta kalla ba.

"Yallaɓai, kai ne?"

Safiyo ya kawar da kai.

"Tambayarka nake. Kai ne?"

"Cewa ya yi hoto kawai zai ɗauka... baƙi zai kai su gani..."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Ta dafa ƙarfen keji. "Ranar Laraba a jikinka na yi kuka! Rigarka na jiƙa! Kana ji kana bubbuga min baya!"

Hayaniyar ta fito da Inna, uwar mijinta, tana gyara mayafi. Da ta ji abin da ake ciki sai ta tafa hannu.

"Yau ga ikon Allah! 'Yar nan, a kan tsuntsu kike ɗaga wa mijinki murya a gidan wansa? Tsuntsu fa! Daji ya ƙare ne?"

"Inna, waɗannan sun ƙare. Babu wasu."

"To sai me? Babban wa ne ya tambayi ƙaninsa abu, ya ba shi. Zunubi ne? Wan nan nasa da kike gani shi ya sa shi a makaranta har kika gan shi kika so."

Dakta ta durƙusa har ƙasa, hawaye na zuba, amma muryarta ba ta yi rawa ba. "Inna, ki gafarce ni. Ba zan yi musu da ke ba. Amma tsuntsayen nan kullum mutuwa suke, kuma amana aka ba ni. Yaya, don Allah ka bari in tafi da su yau."

"Ki tafi da me? Kin san wahalar da aka sha kafin a kamo su? Jibi manyan baƙi zan yi."

"To Litinin da safe zan miƙa rahoto ga hukumar kare namun daji. Dole ne a aikina. Kuma akwai layin da ake rubuta yadda lambobin suka fita. Ba zan rubuta ƙarya ba."

Inna ta nuna ta da yatsa. "In kika kai min ɗa gaban hukuma, ba ke ba gidan nan!"

Dakta ta dubi mijinta ko zai ce wani abu. Namiji guda, ya tsaya yana murza makullin mota. Ta buɗe ƙofar keji ta ɗauko gawar Tsohuwa, ta naɗe a hankici, ta fita. Ba gidansu ta nufa ba, gidan iyayenta ta wuce.

Lahadi wayarta ba ta huta ba. Dangin miji kowa da tasa. Wannan ya ce boko ya ɓata ta, wancan ya ce ta zaɓi tsuntsu ta bar aure. Ba ta rama wa kowa ba. Ta zauna ta buga rahotonta a kwamfuta, ta zo layin nan ta tsaya, ta yi kuka mai isarta, sannan ta rubuta sunan mijinta. Tana son sa, kada wani ya ce ba ta so.

Litinin da safe ta hau matakalar ofishin hukumar da fayil a hannu. A kan bencin baranda ta tarar da Safiyo, rigar da ya sa tun ranar Asabar ce a jikinsa, ido ya yi ja.

"Me ka zo yi? In roƙo ne, ka makara."

"Ba roƙo ba ne. Na riga na shiga. Na rubuta komai na sa hannu." Ya miƙe tsaye. "Dakta, ƙarya na yi miki a lambu. Na san ba hoto zai ɗauka ba. Na san halin Yaya tun ina yaro. Kunyarsa na ji, ban ji taki ba."

"Na gode da ka faɗa," ta ce. Ta ratsa shi ta shiga ta miƙa nata.

Kafin azahar ma'aikata sun kwashe kejin, Yaya kuma ya amsa tambayoyi ya karɓi hukuncinsa. Cikin ashirin da uku, goma sha huɗu aka samu da rai. Sati biyu Dakta ta yi tana jinyarsu a ɗakin gwaji, tana ba su irin tsabar kwarinsu, ta sake sa musu zobba tana duba awon baki a littafi don ta gane wane ne wane. Uku ba ta iya ganewa ba, zaren zuriyarsu ya tsinke ke nan har abada. Ta mayar da su kwarin, hukuma ta sa masu gadi.

Gidan miji kam ba ta koma ba. Ba ta nemi takardar saki ba, ba ta zagi kowa ba, ba ta kuma daina aika wa Inna gaisuwa ba, ko da ba a amsawa. Safiyo yakan zo duk Asabar ya gaida iyayenta, ya zauna a zaure, ya tashi ya tafi. Yaya ya daina yi masa magana. Ya rame har wuyan riga ya yi masa yawa. Ƙawayenta suka ce, "Haba, ki tausaya mana, gayen nan ya yi laushi!" Ta ce, "Ban ƙi shi ba. Amma in na kalle shi, sheƙar nan nake gani."

Wata biyar ana haka. Ran nan da la'asar sai ga Inna da kanta, ita kaɗai. Dakta ta shimfiɗa mata darduma ta durƙusa ta gaishe ta. Inna ta zauna ta dube ta.

"'Yar nan, ni ba gwanar ban haƙuri ba ce, kada ki sa in maimaita. Sau uku wansa ya tambaye shi yana hanawa. Ni na kira shi ɗaki na ce in bai bayar ba ban yafe ba. Ni ce."

Dakta ta ɗago a razane. "Bai taɓa faɗa min ba."

"Ba zai faɗa ba. A takardar hukuma ma bai sa ni ba. Ni har yanzu ban ga abin so a jikin tsuntsu ba, gaskiya. Amma wata biyar ina jira in ji kin zage ni a gari, ban ji ba. Ki koma ɗakinki."

Dakta ta kifa kai a cinyar Inna ta fashe da kuka, Inna na cewa, "To, to, ya isa, kin jiƙa min zane."

Ta koma. Da damina ta zagayo ta ƙirga 'ya'ya goma sha ɗaya sababbi a kwarin, baki a buɗe, iyaye na kai da kawo. A wannan zuwan ne ma ta bi wani kuka ta zagaya bayan dutse, ta tarar da wani ɗan lungu mai sheƙa huɗu da ba wanda ya taɓa sani. Ta dawo gida da ƙura har gira, tana ba Safiyo labari tana tsalle kamar yarinya.

Ya yi murna ƙwarai. Sai ta ga idonsa ya kai kan na'urar awonsa da ke rataye a bango. Ita ma ta kalle ta.

"Farfesa zai aiko wani ya auna," ta ce a hankali.

Ya sunkuyar da kai. "Hakan ya fi. Kada ki faɗa min inda yake."

Ba ta faɗa ba, har yau.

To ku 'yan yanzu masu saurin rantsuwa, ku buɗe kunne. Wanda aka cuta ya riƙe gaskiyarsa bai zagi kowa ba, gidansa zai dawo masa, mutuncinsa ma haka. Amma ku maza, abin da matarku ta ba ku ajiya ba na uwarku ba ne, ba na wanku ba ne. Safiyo ya samu matarsa, ya samu sonta, suna zaune lafiya. Yardar da ya zubar ce har yanzu yake tsinta da ɗaya-ɗaya.