Cinikin Gindin Tsamiya

Ranar da aka buɗe hanyar kekuna a bakin gulbin Gusau, Inna Safiyatu ta rasa muryar mijinta, ta tsira da ɗanta.

Mai saida daddawa ce, ba a taɓa cin ta a ciniki ba. Marigayi mijinta, Mamman mai gyaran keke, yana da al'ada. In ya iso tsamiyar da ke bakin ruwa sai ya sauka, ya yi sallama, ya tura kekensa shiru. Sabuwar hanyar ta ƙarƙashin tsamiyar ta bi.

Ranar buɗewar aka yi kiɗa, aka yanke ƙyalle. Bashiru, ɗanta tilo, magidanci, ya shiga tsere da keken uban. Samari suka wuce tsamiyar suna ta kaɗa ƙararrawa.

Kowa ya dawo, ban da Bashiru.

Dab da magariba Inna Safiyatu ta bi hanyar nemansa. Warin laka. Kwaɗi sun yi tsit. Keken na tsaye ba mai riƙe da shi, tayar baya na juyawa. Bashiru na zaune jingine da tsamiyar, idanu buɗe, jiki kamar ƙanƙara.

Ƙararrawar ta kaɗa kanta.

"Ya taka muna yara," in ji wata murya daga cikin rassa. "Ki bar muna shi."

Bakinta ya riga ya saba da ciniki.

"Albarka," ta ce a hankali. "Ku ɗauki keken."

"Mi za mu yi da ƙarfe? Mamman muke kewa, mai sallama. Ba mu duk abin da kika riƙe nashi a ranki."

"Duka? Ko a kasuwar Tsafe ba a yi haka."

Ruwan ya soma hawowa. Ya taɓa ƙafar Bashiru.

Ta rufe ido, ta faɗi nata tayin.

"Mun karɓa."

Bashiru ya yi tari. Ta ja shi suka bar wurin, ba ta waiwaya ba.

Tun daga ranar, masu keke sauka suke a tsamiyar. Wasu sun ce da yamma sukan ji wani dattijo yana sallama cikin rassa. Ita ko ta je, ba ta jin komai. Tana tuna Mamman yana kiranta daga zaure, bakinsa na motsi, ba sauti.

Da Bashiru ya matsa mata da tambaya, ta gyara ɗaurin zanenta.

"Murya na ba su. Fuskar kam ban sallama ba."