Mai Duba Mata Fuska

A ɗakin ƙanƙara suka fara haɗuwa, kuma duk wanda ya ce maka ya san sanyi bai taɓa leƙa ɗakin nan ba. A ƙasan cibiyar bincike yake, inda ake ajiye dogayen sandunan ƙanƙara da ake haƙowa daga ƙarshen duniya. Aikin Auta shi ne ta yanka su siriri-siriri, ta auna iskar da ta maƙale a ciki tun kafin a haifi kakan kakanmu, ta faɗi yadda zafin duniya yake a wancan zamani.

Ranar an haɗa ta da sabon abokin aiki, wani dogo mai binciken tsuntsayen ƙanƙara, waɗannan masu tafiya kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa. Tana yanka yana kallonta, ko ƙiftawa babu.

"Malam, ajiya ka yi a fuskata ne?"

"Kan hancinki ya fara fari. Fito ki ɗumama shi."

Dokar aikin ke nan. Sanyi idan ya fara cin naman mutum, mai jikin ba ya ji, sai na kusa da shi ne zai gani. Shi ya sa ba a shiga kai kaɗai. Kowa da mai duba masa fuska da hannu, kuma abin da ka gani dole ka kai wa likitan cibiya. Auta ta san dokar sarai, irin kallon ne ba ta saba da shi ba.

Daga nan ta raɗa masa Mai Gadi, shi kuma yake ce mata Hancina. Wata rana ya turo mata saƙo:

"Hancina, tsuntsayena idan namiji yana son mace, ɗan dutse yake ɗauka ya kai gabanta. Ni wane dutse zan kawo gidanku?"

"Kawo kanka kawai. Amma ka sani Babana ya fi dutsen tauri."

Gaskiya ta faɗa. Baban nata tsohon ma'aikacin jirgin ruwa ne, bai san ko harafi ɗaya ba, amma jirgi ya taɓa nutsewa da shi ya fito da ransa a kan murfin akwati, kuma irinsa ba a sake yi ba. Ya san abin da teku ke yi wa ɗan mutum. Da ya ji cewa bana Auta za ta bi jirgin bincike zuwa ƙasar ƙanƙara, kuma mai son nata ma can ya nufa, sai ya murtuke.

"Mai ƙirga tsuntsaye? Ga mai kantin magani nan a bakin layi, shi ya ce ko shara ba za ki yi ba."

"Baba, shi ya sa ba na son sa. Ya ce in ajiye aikina in riƙe masa mabuɗin kanti."

"Teku ba ta san digiri ba, yarinya."

"Jinin wa na ɗauko, Baba? Zan je, kuma zan dawo."

Ana gab da tafiya, a ɗakin ƙanƙara, ta cire safar hannu don ta gyara wani ɗan yankin ƙanƙara da ya tsage, ta daɗe ba ta mayar ba. Da suka fito, Mai Gadi ya ce ta buɗe hannunta. Ƙaramin yatsanta ya yi fari, ya ƙandare.

"Ba komai ba ne. Kada ka kai maganar nan ko'ina."

"Zan kai."

"Za su cire ni daga jirgin. Shekara nawa nake jiran tafiyar nan?"

"Na sani, Hancina. Zan kai."

Ya kai, likita ya cire sunanta. Ta daina ɗaga wayarsa. Saƙo ɗaya ta tura masa:

"Ashe bakinku ɗaya da Baba. Ka gaishe da tsuntsayenka."

Mai kantin magani ya ji labari ya zo da fara'arsa da man shafawa a leda. Ta karɓi man, ta ce masa baɗi ma akwai jirgi. Bai sake zuwa ba.

Baba kuwa daɗi ya kashe shi. Ya aika a kira masa Mai Gadi, ya zaunar da shi a falo. Auta tana bayan labule da hannunta a naɗe.

"Yaro, na raina ka ashe kana da hankali. Ka hana ta tafiya. Idan za ka ci gaba da zaunar min da ita a gida, na ba ka."

Mai Gadi ya sunkuyar da kai.

"Baba, ka gafarce ni, a haka ba zan karɓa ba. Ban yi don ta zauna ba. Na yi ne don ta tafi baɗi da yatsunta goma. Aikin nan nata ne, ta fi ni iya shi."

Baba ya miƙe tsaye. Ba a taɓa mayar masa da kyauta a falonsa ba. Ya je bakin taga ya dawo, ya daɗe yana kallon yaron.

"Ka san za ta tsane ka, ka kai ƙarar?"

"Na sani."

"Ranar da jirginmu ya nutse," in ji Baba a hankali, "akwai wanda ya ga ruwa yana shiga tun safe. Ya yi shiru don kada a ji haushinsa." Ya share fuska da tafin hannu. "A can, wa zai duba ta?"

Auta ta ɗaga labule ta fito.

"Shi zai duba ni, Baba, ni in duba shi." Ta juya wajen Mai Gadi. "Kai kuma har yanzu ina fushi, kada ka washe min baki."

"To, Hancina."

Ya tafi ya yi wa tsuntsayensa aikin bana shi kaɗai, ya dawo da ɗan baƙin dutse a aljihu. Kafin jirgin baɗi ya tashi aka ɗaura aure, gida ya cika har bakin titi, Baba ya ba kowa labarin murfin akwati, har da waɗanda suka haddace shi.

A tashar jirgin ruwa ya kama hannun ɗiyarsa ya ƙirga yatsun a gaban mijinta.

"Haka na ba ka su, haka nake so ka dawo min da su."

"Shi ma duba kunnuwansa, Baba," in ji Auta, "kada a ce ni na ɓatar."

Baba ya yi dariya har hawaye ya zubo. Ya dafa kawunansu, ya ce Allah ya kai su lafiya ya dawo da su lafiya, ya ba su 'ya'ya masu taurin kan uwarsu da idon ubansu. Duk wanda ke tsaye a wurin ya ce amin.